Ƙulli Tara a Bakin Zanin Gado

"Ku bar ta ta ɗan ji sanyin ƙasa," in ji Ma Sidonie, kwandon kifi a kanta. "Mutum nawa ta kwantar a kan siminti?"

Metiron Pargeter, tsohuwar shugabar ma'aikatan jinya, na kwance a gindin duron tarar ruwan sama, a tsakar gidanta, ƙafa ɗaya ta lanƙwashe a ƙarƙashinta, bokitin ya mirgina can gefe. Matan Titin Gangare sun jeru a bakin shingen kamar masu kallon wasa. Babu wadda ta taɓa ƙyauren. Tsohuwar Baturiyar ba ta nemi taimako ba. Idonta ƙur a kan rufin kwano, leɓenta a matse, irin matsewar da duk wanda ya taɓa kwanciya a asibitin gwamnati na garin Anse Corail ya sani.

Ma Odilia, wadda shinge ɗaya ne tsakaninta da Metiron, ta ajiye dutsen guga a kan garwashi, ta goge hannu a zaninta, ta ratsa matan.

"Makumè, ina za ki?" Sidonie ta kama hannunta. Makumè suke kiran juna tun da Sidonie ta riƙe 'yar Odilia a wurin baftisma. "Ke ce za ki ɗaga ta? Ke?"

"Ba za ta mutu ba tukuna," in ji Odilia. "Akwai abin da za ta faɗa mini."

Ta shiga, ta cicciɓi tsohuwar. Ta yi mamakin rashin nauyinta. Matar da takunta kaɗai ke sa ma'aikatan jinya su haɗiye dariya, yau ba ta fi damin jiƙaƙƙen wanki ba.

"Riƙe kan da kyau," in ji Metiron da gurgun yaren garin da shekara arba'in bai miƙe a bakinta ba. "Haka aka koya miki ɗaukar majinyaci?"

"Wanki aka koya mini. Yi mini shiru."

Kowa a titin ya san abin da ke tsakaninsu. Shekara ashirin da ɗaya da suka wuce agana ta shigo garin ta jirgin ruwa. Lokacin Metiron ce asibiti, asibiti kuwa ita ce. Likita sau biyu yake leƙowa a mako. Ita ta zo ta tarar da tsohon sito na koko da gadaje goma da ɓeraye, ta mayar da shi wurin da ake kwanciya a tashi. Ita ce ta kori awaki daga ɗakin haihuwa, ta kuma kori duk wadda ta ga ƙazanta a farcenta. Da agana ta zo sai ta sa kwaɗo a ƙofa, ta kira 'yan sanda biyu suka tsaya. Wanda ya shiga ya shiga. Ba ziyara, ba kai abinci. Wanda ya mutu kuma ba a ba da gawa. Fursunonin da aka kawo daga babban gari su suke binnewa a filin bayan asibiti mai tsohuwar tsamiya, da farar ƙasa, ba fadan coci, ba addu'a, ba gicciye. Da annobar ta lafa aka mayar da fursunonin, ciyawa ta rufe wurin.

Zabette, 'yar Odilia tilo, mai shekara goma sha huɗu, tana cikin waɗanda suka shiga. Odilia lokacin tana cikin mata shida masu wankin asibiti a bakin rafi. Babu wanda ya zo ya ce mata 'yarki ta rasu. Wata safiya tana buga zanin gado a kan dutse sai ta ji wani abu ya yi ƙas. Ta duba, sai ga 'yar lambar ƙarfe mai hoton Maryamu da ke wuyan Zabette, an ɗaure ta tamau a kusurwar zanin. Ta ɗauki zanin da ruwansa ta hau tudu a guje. Ta samu Metiron a bakin ƙofa tana magana da likita, ta tambaye ta ina 'yarta. Metiron ta ce doka ta hana. Odilia ta zabga mata jiƙaƙƙen zanin a fuska, har farar hularta ta faɗi cikin taɓo. A ranar aka kore ta daga aiki.

Tun daga nan, duk shekara idan Tusen ta zo, ranar ɗaya ga Nuwamba da ake share kaburbura a jera musu katantanwar teku a kunna kyandir da magariba, Odilia kan sayi kyandir ɗinta ta dawo da shi gida ba a kunna ba. Filin bayan asibiti ya kai gona biyu. A ina za ta dasa? Tsoronta kada ta kunna wa wani matuƙin jirgi mashayi, 'yarta na can gefe cikin duhu tana kallo. Wannan abu ya ci ta, ya cinye mata fara'a, ya sa ko dariyar jikokin mutane ba ta so.

Sai kuma Allah ya yi nasa ikon. Da aka gina sabon asibiti aka sallami Metiron, ba ta koma ƙasarsu ba, don ba ta da kowa a can. Turawan kan tudu kuwa ba su ɗauke ta tasu ba, matar da ta yi rayuwarta tana ɗaukar fo na baƙaƙen fata. Ta sauko Titin Gangare ta kama gidan da ke jikin na Odilia. A makon farko Odilia ta danne zuciyarta, ta tsaya a shinge ta ce, "Metiron, Zabette fa? A ina aka sa ta?" Tsohuwar ta dube ta daga sama har ƙasa ta ce, "Ban san wata Zabette ba." Shekara tara ke nan, ko gaisuwa ba ta ƙara haɗa su ba.

Yanzu ga ta a kan gado, ƙashin ƙugu ya karye, ƙirji ya fara ƙara. Likitan sabon asibiti ya zo, ya ce a kai ta can. Ta ce ko gawarta ba za ta kwanta a inda ake shimfiɗa gado kamar an yi faɗa a kansa ba. Ya kaɗa kafaɗa, ya bar kwalbar magani, ya ce wa Odilia a bakin ƙofa da wuya ta ga ƙarshen mako. Tusen kuwa saura kwana huɗu.

Jinyar da aka yi a ɗakin nan ba ta da daɗin gani. Odilia ta kawo romon kifi da ayaba, Metiron ta ce gishiri ya yi yawa, an so a kashe ta. Ta kawo shayin koko, ta ce cokalin bai ga ruwan zafi ba. Odilia takan juya ta da ƙarfi fiye da yadda ake bukata, ta kuwa san tana yi.

"Kina jin daɗi, ko?" in ji Metiron, haƙoranta a cije.

"Ba laifi."

"To ki ja zanin nan. Kusurwar ta saki."

"Ƙasa ma ba ta da kusurwa, kuma can za ki. Metiron, Zabette. Zabette Laronde. Doguwa, mai wushirya."

"Na faɗa miki ban san ta ba."

"Ƙarya kike, tsohuwar banza. Kina bakin kabari kina ƙarya."

"Riƙe suna aikin fadan coci ne. Ni gadaje aka ba ni." Ta juya fuska ga bango.

Odilia ta fita tsakar gida ta tsaya tana huci. Sidonie na jiranta a shinge da soyayyen kifi a ganye.

"Ta faɗa?"

"Ina fa."

"Ki hana ta ruwa mana. Yini ɗaya kawai, za ki ga baki ya buɗe."

"Ba ita ce ta ceci ƙafar mijinki ba?"

"Ta ceci ƙafar, ta kuma ce masa alade ya fi shi tsafta, a gaban mutane. Har ya mutu yana ɗingishi yana zaginta." Sidonie ta tsirtar da yawu. "Ki hana ta ruwa, makumè."

Odilia ta yi tunanin hakan. Gaskiya ta yi tunaninsa sosai, har ta janye tulun daga gefen gadon. Kafin la'asar ta mayar da shi, ba don tausayi ba, don tsoron kada matar ta mutu da maganar a cikinta.

A rana ta uku zazzaɓi ya hau. Da hantsi Odilia na canza shimfiɗa sai ta ji Metiron ta fara magana da wata murya dabam, mai kaifi, muryar da. Idonta a buɗe amma ba ɗakin take gani ba. Zagayen safiya take yi.

"Na ɗaya, a juya shi. Na biyu bai ci ba, a sake gwadawa. Na uku, wa ya bar tagar nan a rufe? Na huɗu ya tafi, a kira masu ɗauka."

Odilia ta ja tsaki ta ci gaba da aikinta. Ta kama kusurwar zanin za ta cusa, sai yatsanta ya taɓa wani ɗan tudu. Ƙulli ne na jan zare, guda ɗaya. Ta tsaya cak. Ashe har a gidanta matar nan ba ta daina ba. A tsohon asibiti, da yake masu wanki ba su iya karatu ba, Metiron da hannunta take ɗinka wa kowane zani alamarsa: gado na ɗaya ƙulli ɗaya, na biyar ƙulli biyar, don kada zanin mai tari ya koma gadon mai jego. Shekara goma sha biyu Odilia ta yi tana ƙirga ƙullin nan da babban yatsa ba tare da ta duba ba. Zanin da ya zo da lambar Zabette kuwa, kafin ta kwance lambar sai da yatsanta ya bi ta kansu, don sabo. Kanta ya manta. Yatsan bai manta ba. Ta ga yana motsi a kan zanin shi kaɗai, har ya kai tara ya tsaya.

Ta miƙe tsaye a ƙarshen gadon, ta haɗa hannuwa a baya yadda ma'aikatan jinya ke yi.

"Metiron," ta ce a hankali, "na tara fa?"

"Wanne? Mutum huɗu suka tafi a na tara watan nan."

"Yarinyar."

"Mace ɗaya ce. Ta shigo Juma'a, ta tafi Laraba." Muryar ko rawa ba ta yi ba. "Ba ta ba da wahala ba. Ruwa kawai take nema. Layi na biyu. Ki ba tsamiya baya, ki fuskanci teku, taku goma sha huɗu. Sannan uku zuwa hannun dama. Akwai alama, kamu ɗaya a ƙasa."

"Goma sha huɗu, sannan uku dama."

"Takuna. Ba irin naku na agwagwa ba."

Odilia ta zauna a ƙasa daɓas. Ta maimaita lambobin a bakinta har sau nawa, kamar mai jan carbi. Hawaye bai zo ba. Abin da ya zo fushi ne, don maganar da ta jira shekara ashirin da ɗaya ba ta kai tsawon cin ayaba guda ba.

Da rana ta karkata zazzaɓin ya sauka. Metiron ta buɗe ido ta dube ta, ta kuma gane daga fuskarta.

"Na yi surutu," in ji ta.

"Kin yi."

"To kin samu abin da ya kawo ki. Sai ki tafi."

"Kin san ni ce uwar. Shekara tara muna shinge ɗaya, kina ganina ina dawowa da kyandir."

"Na sani."

"To don me?"

"Kin mare ni da zani a gaban likita da 'yan sanda. Kwana arba'in ban cire takalmi ba, ma'aikatana biyu sun mutu, ke kuma kin zo kin zubar mini da hula a taɓo. Kin taɓa ba ni haƙuri?"

"Ba kuwa zan ba ki ba."

"Ban sa rai ba." Ta yi tari mai tsawo. "Da na buɗe ƙofar nan kuka shiga kuna rungumar gawa kuna sumbata, da rabin titin nan na ƙarƙashin tsamiya. Har da ƙawarki mai kifi."

"'Yata ta mutu ita kaɗai. Da ba ta yi dabara ta ɗaura mini lambarta ba, da ko ranar ban sani ba."

Metiron ta yi wani guntun murmushi marar daɗi. "Ita? Hannunta ba ya iya riƙe cokali, balle ƙulli. Ta ce uwarta na wanki. Ni na ɗaura."

Odilia ta ji kamar an zare mata wani abu daga ƙirji. Lambar nan tana wuyanta ko yanzu. Shekara ashirin da ɗaya tana shafa ta, tana cewa nan ne yatsun Zabette suka taɓa na ƙarshe, saƙon 'yarta ne gare ta. Ashe yatsun wannan matar ne. Ta rasa ko godiya za ta yi ko shaƙe ta za ta yi, sai ta ji shaƙewar ta fi kusa.

"Allah ya isa," ta ce. "Ko wannan ma sai da kika ƙwace."

"Ba ni ruwa," in ji Metiron.

Ta ba ta. Ta kuma tallafe kan da kyau.

Metiron Pargeter ta cika da safiyar Tusen, ana buga ƙararrawar coci ta farko. Maganarta ta ƙarshe ita ce a buɗe taga. Babu wadda ta yarda ta taɓa gawar, sai Odilia ta wanke ta ita kaɗai, ta saka mata tsohuwar rigar aikinta mai ruwan toka da farar hula, ta naɗe ta da zanin mai ƙulli ɗaya. Baƙaƙen takalman aikin na ƙarƙashin gado, an goge su suna ƙyalli. Ta ɗauke su ta cusa a kwandonta.

"Takalmin gawa kika sata?" in ji Sidonie daga bakin ƙofa.

"Aro na yi."

"Ba takalmi za a binne ta?"

"Tawa da zani aka binne ta?"

Kafin azahar faston cocin Turawa ya zo da mutum huɗu suka ɗauke ta, saboda zafi ba ya jira. Masu raka ta ba su cika goma ba. Odilia ba ta je ba.

Da la'asar sakaliya duk gari ya nufi maƙabarta da furanni da kyandir, mata sun ci ado, ana sayar da gyaɗa da alewar kwakwa a bakin hanya. Odilia ta ɗauki adda ta bi hanyar tudu ita da Sidonie, wadda ta ce ba za ta bar makumè ta shiga filin aljanu ita kaɗai ba. Tsohon asibitin ya rushe rabi, awaki sun dawo cikinsa. Tsamiyar na nan.

Odilia ta sare ciyawa ta buɗe hanya. Ta zauna a kan saiwa ta saka takalman. Sun yi mata yawa, ta cusa ganye a baya. Ta ba tsamiya baya, ta fuskanci teku, ta tsaya.

A bakin rafi a da, idan wanki ya yi sauƙi, ita ce gwanar kwaikwayon tafiyar Metiron. Takan ɗaga haɓa, ta miƙe baya kamar ta haɗiye sanda, ta jefa ƙafa daga ƙugu, dunduniya ta fara sauka, mata na faɗuwa don dariya. Rabonta da yin haka tun kafin agana. Ta ɗaga haɓa, ta miƙe baya, ta jefa ƙafa.

Sidonie ta fashe da dariya, sannan ta toshe bakinta, don abin ya yi kama har ya ba ta tsoro. Ta yi alamar gicciye.

Goma sha huɗu. Uku zuwa dama. Odilia ta durƙusa ta fara tona da bakin adda. Ba komai. Ta matsa kaɗan ta sake, ƙasa na shiga farcenta. Sai adda ta yi ƙas. Ta ajiye ta, ta tona da yatsu. Gindin kwalbar magani ne, mai ruwan ƙasa, an binne ta baki ƙasa. Ta zaro ta a hankali, ta goge da gefen zaninta, ta ɗaga ta ga sauran hasken rana. An toshe bakin da kakin kyandir. A ciki akwai guntun zare mai ƙulle-ƙulle da ya koɗe. Ta ƙirga da ido, babban yatsanta na bi a jikin gilashin.

"Nawa?" Sidonie ta tambaya da raɗa.

"Tara."

Ta mayar da kwalbar yadda ta same ta, ta gyara ƙasar gefenta, ta jera katantanwa huɗu da ta zo da su. Ta kunna kyandir, ta ɗiga kaki a gindin kwalbar, ta dasa shi. Sai a lokacin kukan ya zo, ta yi shi har ya ishe ta, tana kiran sunan 'yarta da ƙarfi yadda take kiranta cin abinci.

Da ta share ido, Sidonie na gefe tana ture ƙasa da ƙafa. Taku biyu daga wurin, ga gindin wata kwalbar ya leƙo. Gaba kaɗan, inda awaki suka cinye ciyawa, ga wata, duk a kan layi ɗaya kamar gadajen asibiti.

"Matar nan," in ji Sidonie. Ba ta ƙarasa ba.

Odilia ta cire takalman, ta kaɗe musu ƙasa, ta ajiye su a gindin tsamiya, bakinsu a haɗe. Ba ta kunna musu komai ba. Ta dawo ba takalmi ta zauna kusa da kyandir ɗin, ta kare shi da tafin hannu saboda iskar teku.